YADDA YARO KE TARA KALMOMI DA YADDA ZA A TAIMAKE SHI

GABATARWA

An shirya wannan ɗan littafi domin iyaye maza da mata, da malaman makarantun firamare da na Islamiyya, da masu koyar da manya, da kuma duk wanda aiki ko fatauci ya kai shi inda ake wani harshe da ba nasa ba. Za a yi bayani a kan yadda ɗan Adam ke tara kalmomi, tun daga ranar da ya fara gwaranci har ya kai ga riƙe littafi, da kuma hanyoyin da za a bi a taimake shi.

Dalilin yin wannan bayani shi ne abin da malamai ke gani a cikin aji. Sau da yawa akan sami yaro ɗan aji huɗu ya iya haɗa baƙaƙe, ya karanta layi sumul ba gargada, amma in aka tambaye shi abin da ya karanta sai ya yi zuru. Akan ɗauka daƙiƙi ne, alhali kuwa kalmomin da ke kan takardar ne bai san ma'anarsu ba. Yaron da ke cikin wannan hali lissafi zai ba shi wuya domin bai gane tambayar ba, haka kuma sauran darussa. A ƙarshe sai ya gaji da makaranta ya bari, ƙasa ta yi asarar ɗa. Maganin wannan matsala ba ya cin kuɗi mai yawa, kuma mafi yawansa yana hannun mutanen gida.

TUN DAGA CIKI AKE FARAWA

Masana sun tabbatar da cewa jariri yana jin sauti tun yana cikin mahaifiyarsa, a watanni uku na ƙarshe. Shi ya sa 'yan kwanaki bayan haihuwa yakan bambance muryar uwarsa da ta wata mace. Daga nan kunnensa yana aiki dare da rana. Yaron da ke goye a baya yana sauraren cinikin da ake yi a kasuwa, da gaisuwar da ake yi a zaure, da hirar mata a tsakar gida, yana tsintar sautukan harshensu tun bai san ma'anar ko ɗaya ba.

Ga matakan da yawancin yara kan bi:

Wata 6: yakan fara gwaranci, watau maimaita sauti kamar ba-ba-ba da ma-ma-ma.

Wata 6 zuwa 9: yakan fara gane sunansa da sunayen 'yan abubuwan da yake gani kullum.

Shekara 1: yakan furta kalmarsa ta farko.

Wata 18: yakan iya faɗin kalmomi da za su kai wajen 50, daga nan kuma abin kan yi sauri.

Shekara 2: yakan haɗa kalma biyu, kamar "Baba tafi" ko "sha ruwa", kalmominsa kuma kan kai 200 ko fiye.

Shekara 6: a binciken da aka yi a kan yara masu magana da Turanci, an ƙiyasta cewa yaro kan san kalmomi tsakanin 10,000 da 14,000.

In aka raba wannan adadi na ƙarshe bisa kwanakin da yaro ya yi tun daga fara magana, za a ga yana tsintar kalmomi biyar ko fiye kowace rana ta Allah, ba tare da allo ko alli ba. Sai dai a lura, waɗannan watanni ƙiyasi ne. Wani yaron kan riga, wani kan makara kaɗan, duka kuwa lafiyarsu lau. A lura kuma, a kowane mataki abin da yaro ke ganewa ya fi abin da yake iya faɗa yawa nesa ba kusa ba. Saboda haka kada a ce "me ya sani" a ƙi yi masa magana.

YADDA YAKE GANO MA'ANA

Abin mamaki ne a ce yaro ya ji kalma a cikin hayaniyar gida ya san abin da ake nufi da ita. Yana da dabaru da yake bi.

Da farko yana bin idon mai magana. In uwa ta dubi kaza ta ce "kaza", yaro kan dubi inda ta duba, ya haɗa sautin da abin. Wajen ƙarshen shekararsa ta farko kuma yakan fara nuni da ɗan yatsa, wannan nuni kuwa tambaya ce. Duk lokacin da ya nuna abu aka faɗa masa sunansa, an saka masa kalma a rumbu.

Na biyu, yana auna sabuwar kalma da waɗanda ya riga ya sani. A ce ga ludayi ga maburgi a kan tabarma, yaro ya san ludayi amma bai taɓa jin sunan ɗayan ba. In aka ce "miƙo mini maburgin", zai tsallake ludayi ya ɗauko ɗayan. A shekarar 1978 wasu masana mata biyu a Amurka, Susan Carey da Elsa Bartlett, sun gwada wannan da yara 'yan shekara uku zuwa huɗu. An ajiye faranti biyu, ɗaya mai launin da yaran suka sani, ɗaya mai launin da ba su san sunansa ba, aka aike su da wani baƙon suna. Yaran suka ɗauko wanda ake nufi, kuma bayan mako guda an tarar wasu daga cikinsu ba su manta da abin da suka tsinta ba, ko da yake sau ɗaya suka ji.

Na uku, yana yin kuskure, kuma kuskuren nan alamar aiki ce. Yaro kan kira kowane namiji "Baba", ko ya kira tunkiya da ɗan maraƙi "akuya". Ya gane cewa kalma tana rufe abubuwa da yawa masu kama, iyakarta ce bai gano ba tukuna. Da zarar an ce masa "wannan tunkiya ce", sai iyakar ta fara fitowa.

Wannan ya nuna cewa sanin kalma hawa-hawa ne. Akwai wanda ya taɓa jin ta kurum, akwai wanda yake gane ta in an faɗa, akwai kuma wanda yake iya sa ta inda ta dace. Ɗauki kalmar "ci". Ɗan shekara biyu ya san cin tuwo. Sai ya girma kafin ya san cin kasuwa, da cin bashi, da cin jarrabawa, da cin amana, da cin mutunci. Haka kuma "sha": daga shan nono a kai ga shan iska, da shan wahala, da shan kashi. Jin farko ƙofa kawai yake buɗewa. Sai an yi ta haɗuwa da kalma a wurare dabam-dabam kafin ta zauna daram.

MAGANA DA YARO, BA A GABANSA KAWAI BA

A shekarar 1995 wasu masana biyu, Betty Hart da Todd Risley, sun buga sakamakon binciken da suka yi a gidaje 42 a jihar Kansas ta Amurka. Sun yi fiye da shekara biyu suna zuwa kowane wata suna ɗaukar maganar da ake yi da yara ƙanana. Sun tarar da cewa yaran da aka fi yi wa magana su ne suka fi yawan kalmomi a shekara uku. Daga baya wasu masana sun yi gardama a kan alƙaluman da suka bayar, suka ce gidajen sun yi kaɗan, kuma ba a lissafa maganar da yaro ke ji daga sauran dangi ba. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa bayan yawan kalmomi akwai abin da ke da matuƙar muhimmanci, watau musayar magana: babba ya faɗa, ya saurara, yaro ya mayar, babba ya ɗora.

Akwai wani gwaji da ya fito da wannan a fili. A shekarar 2003 Farfesa Patricia Kuhl da abokan aikinta sun ɗauki jarirai 'yan wata tara waɗanda Turanci kaɗai ake yi a gidajensu. Kashi ɗaya aka zaunar da su da mutane masu yi musu wasa da harshen Sinanci har zama 12. Wasu kuma aka nuna musu mutanen nan a talabijin, ko aka sa musu muryarsu kawai. Waɗanda suka zauna da mutum ido da ido sun koyi bambance sautukan Sinanci. Waɗanda suka kalli talabijin ko suka saurari murya kawai ba a ga sun koyi kome ba.

Wannan darasi ne ga zamanin da muke ciki, inda akan miƙa wa jariri wayar hannu don ya yi shiru. A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a zaunar da yaron da bai kai shekara biyu ba a gaban talabijin ko waya, ɗan shekara biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana.

A nan ya kamata a taɓo wata al'ada tamu. A gidajen Hausawa da Fulani da yawa uwa takan yi kunyar ɗan fari, ba ta faɗin sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane. Al'ada ce mai asali, ba kuwa a ce a yar da ita ba. Abin da ake roƙo shi ne kada kunya ta bar yaro cikin shiru. A babban gida kaka da goggo da yayye sukan cike wannan gurbi. Amma ma'auratan da aiki ya kai su Ikko ko Fatakwal ko Abuja, suna zaune su kaɗai a ɗaki biyu, ba kaka ba goggo, to lalle ne uwa da uba su ɗauki wannan aiki da kansu.

YARO MAI HARSHE BIYU

Nijeriya tana da harsuna fiye da 500, saboda haka tashi da harshe biyu ko uku abu ne da aka saba. Yaron da aka haifa a Sabo ta Ibadan ko a Agege yakan yi Hausa a gida, Yarbanci a waje, Turanci a makaranta. Wasu iyaye kan ji tsoro kada wannan ya rikita shi, har su daina yi masa harshensu. Wannan tsoro ba shi da tushe. Yaro mai harshe biyu kan fara magana a daidai lokacin da sauran yara ke farawa. In aka ƙidaya kalmominsa a harshe ɗaya za a iya ganin sun kasa na tsaransa, amma in aka haɗa na harsunan biyu sai a tarar sun yi daidai ko sun ɗara. Gauraya harsuna da yake yi a jimla ɗaya ma ba rikicewa ba ce, manyan da ke kewaye da shi haka suke yi.

Abin da yaro ya sani a harshen gida shi ne harsashin da zai ɗora sabon harshe a kai. Wanda ya san ma'anar "adalci" ko "riba" ko "inuwa" da Hausa, suna kawai zai koya da Turanci. Wanda bai sani ba kuwa aiki biyu ke gabansa, ga neman ma'ana ga riƙe suna. A ƙasar nan an gwada wannan. Daga shekarar 1970 Jami'ar Ife, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Babs Fafunwa, ta gudanar da wani shiri inda aka koyar da wasu yara da Yarbanci duk tsawon shekaru shida na firamare, Turanci kuma aka riƙa koyar da shi a matsayin darasi. Rahoton shirin ya nuna yaran ba su gaza 'yan'uwansu a Turanci ba, a wasu darussa ma sun fi su.

Manufar Ilmi ta Ƙasa ta shekarar 1977 ta tanadi a fara koyarwa da harshen uwa ko harshen da ake yi a yankin. A shekarar 2022 aka faɗaɗa wannan zuwa dukan shekarun firamare, sa'an nan a watan Nuwamba na 2025 aka ba da sanarwar komawa ga Turanci a matsayin harshen koyarwa. Ko da wane harshe ake koyarwa a aji, aikin gida bai sauya ba. Iyaye su yi wa 'ya'yansu harshen da suka fi iyawa, su yi shi a wadace. Hausa mai zurfi ta fi wa yaro amfani bisa ga guntun Turanci mara kai.

ABIN DA AKE SO IYAYE SU YI

1. A riƙa faɗa wa yaro abin da ake yi. In ana wanka a ambaci soso da sabulu da kwarya, da gaɓoɓin jikinsa. In ana girki a ambaci surfe da tankaɗe da talge da tuƙi. Manomi ya tafi da ɗansa gona ya nuna masa bambancin gero da dawa da maiwa, da huɗa da firi da noma.

2. A ɗora a kan abin da ya faɗa. In ya ce "mota", a ce "I, babbar mota ce, ta ɗauko buhunan albasa." Ya ba da kalma ɗaya, an mayar masa da biyar.

3. In ya yi kuskure a maimaita masa daidai cikin zance, kada a yi masa dariya ko tsawa. Yaron da ake yi wa dariya kan koyi yin shiru.

4. A amsa tambayarsa. Ɗan shekara uku ko huɗu kan dami mutane da "mene ne wannan" da "don me". Akan ce ya cika surutu, alhali kuwa karatunsa ke nan. Mai tambaya ba ya ɓata.

5. A raya tatsuniya da kacici-kacici da karin magana. A cikin tatsuniya yaro kan haɗu da kalmomin da ba a faɗa a hirar yau da kullum, kamar fada da dogari da kurmi da wayo da haɗama. In an gama a ce shi ma ya maimaita wa ƙanensa.

6. A karanta masa littafi mai hotuna, ko kuwa yayansa da ke makaranta ya karanta masa. Wanda bai iya karatu ba yana iya buɗe littafin su yi hira a kan hotunan.

GA MALAMAI

Malamin da ke da yara sittin ko fiye a aji ba zai iya koyar da kowace kalma ba, saboda haka sai ya yi zaɓe. Kafin darasi ya duba abin da za a karanta, ya fitar da kalmomi kamar biyar waɗanda in ba a san su ba labarin ba zai fahimtu ba, kuma waɗanda yara za su sake haɗuwa da su a wasu darussa. Rubuta kalmomi talatin a allo a ce a haddace su kafin gobe wahala ce ga yara, riba kuwa kaɗan.

Ga kowace kalma da ya zaɓa, malami ya faɗe ta a fili yara su maimaita. In abu ne da za a iya kawowa aji ya kawo shi, ko ya zana, ko ya kwaikwayi aikin. Ya yi bayaninta da magana mai sauƙi, in ta Turanci ce kuma yara ba su gane ba, ya faɗi ma'anarta da harshensu ya wuce, wannan ya fi ɓata minti goma ana kewaye-kewaye. Sa'an nan ya sa ta a cikin jimla biyu ko uku mabambanta, ya bar yara su yi nasu. Al'adar cin tarar yaro ko dukansa don ya yi harshen gidansu a makaranta ba ta ƙara masa kalma ko ɗaya, bakinsa kawai take rufewa.

Abu na biyu shi ne komawa. A shekarar 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya buga binciken da ya yi a kan mantuwa. Ya tarar da cewa mafi yawan abin da mutum ya haddace yana zubewa ne a cikin sa'o'i da kwanakin farko, kuma maimaitawar da aka rarraba a kan kwanaki ta fi wadda aka tara a zama ɗaya. Malaman allo sun daɗe da sanin wannan, shi ya sa almajiri ba ya rabuwa da tishi da tilawa. Malamin boko ma ya yi haka: kalmar da aka koya ran Litinin a waiwaye ta ran Talata, a sake ran Jumma'a, a kuma sake bayan mako biyu. Minti biyar a farkon darasi ya isa.

Abu na uku shi ne nuna wa yara yadda ake gina kalma. Hausa tana da arziki a nan. Daga "ƙira" a sami maƙeri da maƙera. Daga "buɗe" a sami mabuɗi, daga "karanta" a sami makaranta, daga "noma" a sami manomi. Yaron da ya gane cewa wannan "ma" tana nuna mai yin aiki, ko wurin aiki, ko abin yin aiki, in ya ci karo da "majema" ko "masassabi" zai iya lalubo ma'ana da kansa. Haka kuma a nuna masa bambancin saya da sayo da saye da sayar. Turanci ma yana da irin waɗannan ɗafe-ɗafe a farko da ƙarshen kalma, kuma wanda ya saba lura da su a harshensa ba zai sha wuyar ganin su a can ba.

Abu na huɗu shi ne karatu mai yawa. Da zarar yaro ya iya karatu, littafi ne zai zama babbar kasuwar kalmominsa, domin rubutu yana ɗauke da kalmomin da ba a cika faɗa da baki ba. Amma sai littafin ya yi daidai da ƙarfinsa. Masana irin su Farfesa Paul Nation na ƙasar New Zealand sun nuna cewa mai karatu yana bukatar sanin wajen kalmomi 98 cikin kowace 100 kafin ya karanta abu shi kaɗai cikin jin daɗi. Saboda haka in yaro ya karanta kalmomi ɗari ya yi tuntuɓe da fiye da biyar, a ba shi wanda ya fi sauƙi, wancan kuwa a karanta tare da malami.

A koya wa yaran manyan azuzuwa duba ƙamus. Ƙamusun Hausa da Turanci na G. P. Bargery, wanda aka buga a 1934, yana ɗauke da kalmomi wajen 39,000, wannan kuwa ya isa amsa ga mai cewa Hausa ba ta da kalmomi. A shekarar 2006 kuma Jami'ar Bayero ta Kano ta fitar da ƙamus mai bayanin Hausa da Hausa. Ya dace kowace makaranta da ke koyar da Hausa ta mallaki ƙamus, a ajiye shi inda hannun yara zai kai.

GA BABBA MAI KOYON SABON HARSHE

Tun da aka kafa shirin yi wa ƙasa hidima a 1973, matasa ke barin jihohinsu suna zama cikin mutanen da ba su jin harshensu. Haka ma'aikatan gwamnati da sojoji da 'yan kasuwa. Mutane da yawa kan ce girma ya zo, kai ya toshe. Gaskiya ne yaro ya fi babba saurin kama lafazi, amma wajen tara kalmomi babba ba ya tsufa, yana kuma da abin da yaro ba shi da shi, watau iya tsara wa kansa aiki.

Ya fara da kalmomin da aka fi amfani da su. A shekarar 1953 wani malami Bature, Michael West, ya buga jerin kalmomin Turanci wajen 2,000 da suka fi yawo, kuma an lissafa cewa irin wannan adadi kan rufe kusan kashi 80 cikin 100 na rubutu na yau da kullum. Karanta jarida ko littafin labari ba tare da ƙamus ba kuwa yana bukatar tushen kalmomi 8,000 zuwa 9,000, bisa ƙiyasin da Farfesa Nation ya buga a 2006. Tafiyar tana da nisa, amma dubu biyun farko su ne suka fi kawo riba.

Ya yanka 'yan katuna, ya rubuta kalma a fuska ɗaya, ma'anarta a baya, ya riƙa jarraba kansa kafin ya juya. A shekarar 2008 an gwada ɗalibai a Amurka da kalmomin Suwahili 40. Waɗanda aka ci gaba da yi wa tambaya sun tuna wajen kashi 80 cikin 100 bayan mako guda, waɗanda aka daina yi wa tambaya kuwa wajen kashi ɗaya cikin uku kawai suka tuna, ko da an bar su sun ƙara dubawa. Ƙoƙarin tunowa shi ke kafa kalma a ka.

Ya koyi kalma tare da abokan tafiyarta, watau gaisuwa sukutum, da yadda ake taya kaya, da yadda ake tambayar hanya. Ya kuma koye ta da kunne daga bakin mai harshen, domin Hausa da Yarbanci da harshen Ibo duka suna bambance ma'ana da karin sauti. Rubutu ɗaya ne ga kukan yaro da kukar miya, da wuyan riga da wuyar aiki, murya ce ke raba su. Garin Kano da garin tuwo kuma jan wasali ne ya raba.

Ya nemi kalmomin da harsuna suka ara wa juna, domin gada ce a shirye. Hausa ta karɓi littafi da alƙalami daga Larabci, mota da tebur da asibiti daga Turanci, agogo da ashana daga Yarbanci. Daga nan sai ya fita ya yi magana. Za a yi masa dariya kaɗan, amma mutane suna son baƙon da ya gaishe su da harshensu, kuma da yayyafi kogi kan cika.

LOKACIN DA YA KAMATA A JE ASIBITI

A kai yaro a duba shi, musamman kunnensa, in aka ga ɗaya daga cikin waɗannan: ba ya firgita ko waiwaya in an yi ƙara; ya kai shekara ɗaya ba ya gwaranci, ba ya nuni; ya kai wata 18 bai furta kalma ko ɗaya ba; ya wuce shekara biyu ba ya haɗa kalma biyu; ko kuwa ya fara magana sa'an nan ta ɗauke. Sanƙarau da ƙyanda da ciwon kunne mai zubar da ruwa suna iya taɓa ji, saboda haka a kai yara allurar rigakafi, kuma duk yaron da ya tashi daga sanƙarau a auna jinsa. Kada a zauna jiran "zai yi in lokaci ya yi".

Yaron da aka tabbatar kurma ne shi ma yana tara kalmomi, da hannu da ido. In aka fara yi masa maganar hannu da wuri, yakan bi matakan da mai ji ke bi. A nemi makarantar kurame mafi kusa, mutanen gida kuma su koyi maganar hannun tare da shi.

KIRA GA JAMA'A

Gwamnati tana gina azuzuwa, tana horar da malamai, amma yaro yana shekara biyar ko shida a hannun iyayensa kafin ya ga ƙofar aji. Ana roƙon hakimai da dagatai da masu unguwa, da limamai da shugabannin coci, da ƙungiyoyin iyaye da malamai, su isar da wannan saƙo ga waɗanda ba su iya karatu ba. Wanda ya gama karanta wannan ɗan littafi ya karanta wa maƙwabcinsa, sa'an nan yau da dare, bayan an ci abinci, a ajiye waya a tara yara a yi musu tatsuniya.

Allah Ya raya mana zuriya, Ya ba su ilmi mai amfani.